Kajin Devon Masu Koyon Kwana

Matafiyin da ya bar birnin Landan ya nufi kudu maso yammacin Ingila, in ya yi tafiyar wajen mil 180 a mota, zai iske kansa a arewacin lardin Devon, ƙasar tuddai da kwaruruka da yawan ruwan sama, inda ciyawa ba ta bushewa duk shekara. Ƙasar makiyaya ce. Ga tumaki birjik a kan tuddan Exmoor, ga jajayen shanun nan da ake kira da sunan lardin suna kiwo a gangare. Da zarar an sauka daga babbar hanya kusa da garin South Molton, wanda kasuwarsa ke ci ran Alhamis, sai hanya ta tsuke ta zama kamar lungu tsakanin ganuwa biyu, domin manoman wurin tudun ƙasa suke tayarwa a iyakar gona, su dasa itatuwa a kansa, har shingen ya fi mota tsayi. In motoci biyu suka yi kaciɓis, tilas ɗaya ta ja da baya. Abin da zai fi ba Bahaushe mamaki kuwa shi ne tsofaffin gidajen ƙauyukan. Da laka aka gina su, an cuɗa ta da tattakar alkama, bango mai kauri an shafe shi da farar ƙasa, sa'an nan aka yi masa jinka da ciyawa. Wasunsu sun shekara ɗari uku suna tsaye.

A cikin wannan ƙasa, 'yan mil kaɗan daga South Molton, akwai wani ƙauye wai shi Rose Ash. Ba shi da wani abin kallo in ban da majami'a da 'yan gidaje. Amma a yankinsa ne mazaunin wata ƙungiya yake, British Hen Welfare Trust, watau ƙungiyar kula da jin daɗin kaji, wadda wata mace mai suna Jane Howorth ta kafa a shekarar 1905 da ɗari, watau 2005. Aikin ƙungiyar shi ne ta karɓo kajin gidan gona waɗanda suka gama zamaninsu na ƙwai, tun ba a kai su mayanka ba, ta raba wa mutanen da ke son kiwonsu a bayan gida.

Mai karatu na iya yin dariya, ba kuwa za a ga laifinsa ba. A ƙasar Hausa an ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta, kuma kazar gidan gona da ta gaji da ƙwai tana da kasuwarta, musamman dab da Salla ko Kirsimeti, don namanta mai tauri ya fi jure tukunya. A Ingila ma mayanka ce makomar kusan dukkansu. Ana kai sagara gidan ƙwai tana da mako 16 ko kusa da haka, ta yi ƙwai wajen 300 a shekara, in ta kai mako 72 ko ta ɗan wuce sai ƙwan ya fara raguwa, ɓawonsa ya yi laushi, lissafin manomi ya daina fita. Ran nan sai a kwashe ɗakin ƙaf, a wanke shi, a zuba sababbi. Naman tsofaffin ba shi da daraja a wurin Turawa. A miyar gwangwani da abincin karnuka da kyanwoyi yakan ƙare, ko kuwa a tura shi ƙasashen waje. Kaza kuwa, in an bar ta, tana iya shekara shida har takwas. Watau ana yanka ta ne tana da shekara ɗaya da rabi, ba don tsufa ba.

A watan Agusta na 2024 ƙungiyar ta cika kaza miliyan ɗaya da ta raba, kuma ta cikon miliyan ɗin a lambun Sarki Charles na Uku ta sauka, a gidansa na Highgrove. Jaridu sun yi ta yayata labarin. Amma wanda ke son ganin ainihin aikin, gara ya bar fada ya je bayan wani ƙaramin gida a Devon, ya tsaya bakin akurki da faɗuwar rana a ranar da aka kawo kajin. A nan ne ake gane abin da gidan gona ya raba kaza da shi, da kuma abin da ya kasa raba ta da shi.

Ranar rabo yawanci Asabar ce ko Lahadi. Tun da asuba masu aikin sa kai ke zuwa gonar da za a kwashe, su ɗebo kajin a akwatuna, su kai su wata rumfa ko wani fili da aka aro. Da rana masu karɓa su yi layi da motocinsu, kowa da kwalin da ya huhhuda don iska, ko kwandon ɗaukar kyanwa, ya ba da 'yar gudummawa, a miƙa masa uku ko huɗu ko shida. Wadda ta fito daga keji ba ta ɓuya. Zankonta babba ne, ya koɗe, ya langaɓe gefe guda. Faratanta sun yi zaƙo-zaƙo don ba ta taɓa tono ba. Wuya da ƙirji da gindin wutsiya a fige, kai ka ce an fara gyara ta don tukunya aka fasa. In aka ajiye ta a kan ciyawa sai ta tsaya cik, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta riƙe, tana kallon ƙasa da ido ɗaya. Duk da haka rana ba ta da wuya. Kafin la'asar wata ta fara tono, wata ta shimfiɗa fiffike a hantsin da ba ta taɓa gani ba, wata ta sami busasshiyar ƙasa a gindin shinge ta hau birgima, alhali ba wanda ya koya mata.

Magariba ce ke tona asiri. Kazar ƙauye, ko a Devon ko a Daura, da rana ta yi ja sai ta kama hanyar makwancinta ba sai an kora ta ba. Waɗannan kuwa sai su tsaya inda duhu ya same su. Wata a tsakiyar fili, ruwa na dukanta, ta ƙudundune. Wata ta cusa kai bayan kaskon ruwa. Wata ta bi hasken tagar kicin ta laɓe a bakin ƙofar gida. Akurki na nan a buɗe, da busasshen garin katako a shimfiɗe, da sandar kwana a gicciye, ba wadda ta ko dube shi. Dalilin ba mai nisa ba ne. Duk tsawon rayuwarta dare ne ke zuwa ya same ta a inda take. Fitilar lantarki ke yi mata rana, awa 14 zuwa 16, a kuma kashe ta bisa agogo. Ko da a gonakin da ake rage hasken sannu a hankali, kazar keji ba ta da wani wurin da za ta tafi. Ba ta taɓa sanin cewa akwai wurin yini dabam da wurin kwana dabam ba, balle ta san cewa tilas a tashi daga wannan a tafi wancan tun ido na gani.

Sai uwar gida ta fito da tocila da takalmin ruwa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ba a ɗaukar irin wannan kaza ta ƙafa ko ta fiffike yadda ake yi a kasuwa. Hannu biyu ake sa wa a kan fikafikan, a rungumo ta a ƙirji, a sa ta ta ƙofar akurki. Gobe ma haka, jibi ma haka. Wasu masu kiwon kan ajiye 'yar ƙaramar fitila a cikin akurkin dab da magariba, tun da kajin haske suka saba bi, in sun shiga a kashe. Yawanci kwana uku ko huɗu sun isa, wani lokaci har mako guda. Ran nan sai a fito da tocila a iske fili wayam, a leƙa a gan su a ciki. Masu kiwo da yawa sun fi tuna wannan daren a kan ranar da suka tsinci ƙwan farko.

Shiga akurki mataki ɗaya ke nan. A ciki ma ba sa hawa sanda. Sai su taru a kusurwa ɗaya a ƙasa, wannan kan wannan, ko kuwa uku su cushe a akwatin saka ƙwai wanda aka yi don kaza ɗaya, kan wannan a ƙarƙashin fiffiken waccan, sandar kuwa tana bisa kansu ba kowa. Rashin sani, in ji masu iya magana, ya sa kaza ta kwana a kan dami. Abin yana da ban tausayi, yana kuma da illa, domin kaza tana yawan kashi da dare. Wadda ta kwana a sanda kashinta ƙasa yake zuba; wadda ta kwana a akwatin ƙwai a kansa take wayar gari, ƙirjinta da ba gashi ya jiƙe ya yi ja, ƙwan safe kuma ya ɓaci. Don haka akan toshe akwatunan da yamma, a buɗe da sassafe kafin mai ƙwai ta matsu.

To, me ya sa ake damuwa da sai ta hau sanda? Amsar tana can nesa da Devon, a dazuzzukan Indiya da Bama da Tailan, inda kakar kajin duniya take har yau, watau jar kazar daji. Ita ƙwai 10 zuwa 15 take yi a shekara, ta yini tana tono a ƙasa, da magariba ta tashi fir ta hau reshe. Idon kaza idon rana ne. Da haske tana ganin launukan da ɗan Adam ma ba ya gani, amma da duhu ya shiga sai dundumi ya kama ta, a ɗauke ta kamar ƙwarya ba ta ko motsa ba. Ɓarawon kaji ya daɗe da sanin wannan. Dabbar da ba ta gani da dare, ba ta da ƙaho, ba ta da haƙori, tudu ne kaɗai garkuwarta. Shekaru dubbai na zaman gida ba su kankare wannan hali ba. A ƙasar Suwidin wasu masana biyu, Anna Olsson da Linda Keeling, sun gwada abin, suka buga sakamakon a shekarar 2002. Sun sa ƙofa mai nauyi tsakanin kaza da sandar kwana, suna ƙara mata nauyi, suka ga da dare kaza kan yarda ta ture nauyi mai yawa don ta kai ga sandar, fiye da yadda take yi in ba sanda a bayan ƙofar. Wani binciken na Suwidin ɗin, na shekarar 2000, ya nuna ɗaya gefen: 'yan tsakin da aka hana su sanda har suka kai mako 8, ko da an ba su daga baya, ba su kai 'yan'uwansu iya auna tsalle daga wannan bene zuwa wancan ba. Watau sha'awar hawa a jini take, amma iya hawan da ƙuruciya ake koyonsa.

Wannan kuwa shi ne abin da tsohon kejin ya hana. Kowace kaza santimita murabba'i 550 doka ta ba ta, bai kai faɗin fallen takardar tafireta ba, a kan daɓen waya mai gangare don ƙwai ya mirgino waje. Ba sanda, ba sheƙa. Tun 1964 wata mace, Ruth Harrison, ta rubuta littafi mai suna Animal Machines ta fallasa irin wannan kiwo, gwamnati ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Farfesa Brambell, wanda ya ba da rahoto a 1965 cewa ya kamata kowace dabba ta sami sararin tsayawa, da kwanciya, da juyawa, da gyara jikinta, da miƙe gaɓoɓinta. Sai da aka shekara 47 bayan rahoton kafin a hana kejin: dokar Tarayyar Turai ta 1999 ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2012, lokacin Ingila na cikin tarayyar. Kejin da ya maye gurbinsa ya fi girma, yana ɗaukar kaji da dama wuri guda, kowace da santimita murabba'i 750, da ɗan labulen saka ƙwai, da sanda mai tsawon santimita 15 ga kowace kaza. Sai dai sandar 'yar ƙasa-ƙasa ce, taku ɗaya ake yi a hau ta. Yanzu mafi yawan ƙwan da ake sayarwa a Ingila daga kajin da ake saki waje da rana yake fitowa, kuma ƙungiyar na karɓar irinsu ma. Su ba su da wahalar koyon magariba kamar na keji, ko da yake su ma baƙin akurki ne.

A nan ne mai tausayi ke iya yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Ya karanta cewa kaza na son tudu, sai ya kafa sanda mai tsayin ƙafa uku, da dare ya ɗora ta a kai. Da safe ta duro, ƙashi ya karye. Ƙashin kazar ƙwai ya riga ya zama kamar busasshen kara, kuma dare ne ya cinye shi. Ƙwai ɗaya yana ɗaukar kaza wajen awa 25, kusan awa 20 daga ciki kuwa na gina ɓawo ne, yawancinsa cikin dare, lokacin da ba ta cin komai. Kowane ɓawo na bukatar kimanin giram 2 na sinadarin kalsiyam, watau allin da ke ƙarfafa ƙashi. Abin da cikinta bai tanada ba, daga ƙashinta jiki ke ciro shi. A lissafa: ƙwai 300 giram 600 ke nan a shekara, daga tsuntsuwar da nauyinta duka bai wuce kilo 2 ba. Ashe ko a cikin barci kazar gidan gona aiki take yi. Bincike a ƙasashen Turai da dama ya iske fiye da rabin kajin da suka gama zamanin ƙwai suna da tsohuwar karaya a ƙashin ƙirji, kuma abin takaici, a Ingila an iske karayar ta fi yawa a gidajen da kaji ke sake suna tashi suna karo da sanduna. Sandar da take bege ita ce kuma mai karya ta.

Saboda haka masu kiwon da suka san abin sukan fara da sanda 'yar ƙasa, tsayin tafin hannu ko biyu, wasu ma su cire ta ɗungum na mako biyu har ƙafafu su yi ƙwari. Ba sandar tsintsiya ake sa wa ba. Kaza ba ta damƙe reshe kamar ƙananan tsuntsaye; tafin ƙafarta take shimfiɗawa, ta durƙusa a kai. Katako mai faɗin santimita 4 ko 5 ake so, an goge kaifin gefensa, kuma ya ɗan fi akwatin ƙwai tudu, domin duk abin da ya fi tsayi a ɗaki shi za ta zaɓa. Daga nan sai haƙuri. Wata ta hau a mako na biyu, wata sai bayan wata biyu, in ta ga 'yar'uwarta a sama. Akwai kuma wadda har ta mutu a ƙasa za ta riƙa kwana, mai hankali kuwa ba ya tilasta mata. Shimfiɗarta yake canzawa.

Da sun koyi hawa sai rigimar matsayi ta taso. Wani ɗan ƙasar Norwe, Thorleif Schjelderup-Ebbe, wanda ya fara lura da kaji tun yana yaro, shi ya bayyana wa masana a farkon shekarun 1920 cewa kowane garken kaji na da jerin girma: wannan ta tsattsagi waccan, waccan ba ta isa ta rama ba sai dai ta huce a kan ta ƙasa da ita. Kaji huɗun da aka zuba a kwali ɗaya ran Asabar wataƙila ba su taɓa haɗuwa ba, ko da daga ɗaki ɗaya suka fito, don haka sai sun yi sabon zaɓe, kuma a kan sanda ake ƙirga ƙuri'a. Wanda ya tsaya bayan akurki da magariba zai ji dirin ƙafafu, da ɗan ƙara, da faɗuwar wadda aka ture. Uwar garke takan shiga da wuri ta kama wuri mafi tudu. Ta ƙarshe a jeri takan yi ta kai da kawowa a bakin ƙofa har sai manya sun lafa, sa'an nan ta saɗaɗa. Abin mamaki, waɗanda suka yini suna faɗa su ne za su kwana kafaɗa da kafaɗa, har da wani ɗan gurnani mai taushi da ba a jinsa sai a wannan lokaci.

Barcin kansa abin kallo ne ga wanda ya iya leƙe ba tare da haska su ba. Kaza takan durƙusa har gashin ƙirji ya rufe yatsu, fatar ido ta ƙasa ta tashi ta rufe idon, ba ta sama ta sauko ba, sa'an nan ta juya wuya ta cusa baki a gashin bayanta. Tana da irin barcin nan da ido ke motsi a cikinsa, wanda a wurin mutum shi ne lokacin mafarki, sai dai nata 'yan daƙiƙoƙi ne, yana zuwa yana wucewa sau da yawa a dare. Tana kuma iya kwantar da rabin ƙwaƙwalwa ta bar rabi a farke, ido ɗaya a rufe ɗaya a buɗe. A shekarar 1999 Niels Rattenborg da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Indiyana ta Amurka suka jera agwagin ruwa huɗu, suka ga na tsakiya sun fi rufe ido biyu, na gefe kuwa sun fi barin idon da ke kallon waje a buɗe. Kaji ma suna da wannan baiwa. In haka ne, 'yar autar da aka tura ƙarshen sanda ba wurin sanyi kaɗai aka ba ta ba, har da aikin gadi.

Akwai kuwa abin da za a yi wa gadi. Yanyawar Ingila ja ce, ta fi ta ƙasar Hausa girma nesa ba kusa ba, tana haƙa ƙarƙashin shinge, tana haura katanga mai ƙafa shida, in kuwa ta sami shiga akurki ba ta tsayawa a kan ɗaya. Takan kashe duka ta riƙa jida tana binnewa. Yankin Exmoor ya shahara da farauta da karnuka da dawaki, har aka hana farautar yanyawa da karnuka a watan Fabrairu na 2005, shekarar da aka kafa ƙungiyar kajin; har yanzu maganar na tayar da jijiyar wuya a mashayar ƙauye. Akwai kuma wata dabba dangin dage, mai ƙarfin farce, wadda ke iya ɓalle katakon da ya ruɓe. Dare ɗaya aka manta ba a rufe ƙofa ba ya isa. Shi ya sa da yawa suka sayi ƙofa mai aiki da batir, mai rufe kanta in haske ya ragu. Ita ma tana da nata aibin a makon farko, don ƙofa ba ta ƙirga kai: 'yar autar nan mai jinkiri a bakin ƙofa tana iya kwana a waje.

Abokin gaba na biyu a cikin ɗaki yake. Wani jan ƙwaro ne da bai kai milimita ɗaya ba, halinsa halin kuɗin cizo sak. Ba ya zama a jikin kaza. Da rana yana ɓoye a tsagar katako da ƙarshen sanda, da dare ya fito ya sha jini ya koma. Da zafi yakan cika zagayen rayuwarsa a mako guda, yana kuma iya watanni ba ci. Kajin da suka riga suka koyi shiga, in aka ga sun fara tirjewa a bakin ƙofa da magariba, ba mantuwa suka yi ba. Shi suke gudu. Akan shafa farin ƙyalle a ƙarƙashin sanda da dare, in ya fito da jan zane to an kama ɓarawo, sai wanke-wanke da feshi da barbaɗa hoda a kowace tsaga, ba sau ɗaya ba.

Tsawon daren kansa ba ɗaya ba ne. A Devon, a ƙarshen watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara da rabi, mai kiwo na hamma kaji na kiwo, kafin ƙarfe biyar kuma suna buga ƙofa. A ƙarshen Disamba kuwa tun ƙarfe huɗu da 'yan mintoci duhu ya rufa, gari ba ya wayewa sai bayan takwas: awa 16 a kan sanda ba ci ba sha. Akan watsa musu ɗan hatsi da la'asar don su kwana da abin niƙa a ciki. Ragowar abincin kicin kuwa haramun ne a dokar ƙasar tun bayan annobar ciwon baki da kofato ta 2001, wadda ta yi wa Devon mummunar ɓarna. Ƙwai ma yakan ragu a wannan lokaci, tun da tsawon rana ke motsa shi, kuma wannan hutu ne da fitilar gidan gona ba ta taɓa ba su ba. Masu tausayi sun yi yayin saƙa wa figaggun kaji 'yar rigar sanyi, hotunansu suka cika jaridu, amma masana ba su goyi baya ba: rigar na goge sabon gashin da ke tsirowa, in ta jiƙe kuma ta fi tsiraici sanyi. Zafin jikin kaza ya kai digiri 41, huɗu in suka matsu sun ɗumama ɗakinsu. Abin tsoro shi ne laima da warin kashi, don haka ake barin tagar iska a sama da kawunansu ko ana ƙanƙara.

Wani lokaci kuma doka kan mayar da su ciki. Da murar tsuntsaye ta yi tsanani, daga 7 ga Nuwamba 2022 har zuwa Afrilu 2023 an tilasta wa kowa a Ingila ya killace kajinsa a ƙarƙashin rufi, mai dubu ɗari da mai uku duk ɗaya. Daga 1 ga Oktoba 2024 kuma ko kaza ɗaya mutum ke da ita sai ya yi rajista da hukuma.

Ba za a ɓoye ba, in aka auna aikin da ma'aunin lissafi ƙarami ne. Kajin ƙwai a ƙasar sun kai wajen miliyan 40 a kowane lokaci, ana kuma sauya su kusan duk shekara ɗaya da 'yan watanni; ƙungiyar kuwa shekara 19 ta yi kafin ta cika miliyan ɗaya. Ita kanta ba ta ɗauki manomi abokin gaba ba, don in ya rufe mata ƙofa ba ta da kaza ko ɗaya. Mai sayen ƙwai mai neman araha take wa magana. Mai adawa na iya cewa ana kashe wa kaza kuɗin likita a duniyar da yara ke kwana da yunwa, kuma maganarsa ba ta banza ba ce. Abin da za a iya faɗi dai shi ne, gidan da ya taɓa bin kaza da tocila a cikin ruwa yakan tsaya ya karanta abin da aka rubuta a kwalin ƙwai kafin ya saya, 'ya'yan gidan ma haka.

Ba su cika daɗewa ba. Jikin da aka tsara don ƙwai 300 a shekara yakan gaji da wuri, ciwon mahaifa da na ciki su ne ajalin da yawa. Wata ta yi 'yan watanni, wata shekara biyu ko uku, jefi-jefi a sami mai wuce haka. Alamar farko kuma a wurin kwana ake ganinta. Kazar da ta shekara biyu tana hawa sanda, ran nan sai a leƙa da dare a iske ta a ƙasa, a kusurwar nan da ta kwana a daren farko. Uwar gida takan ƙara mata garin katako, ta jawo kaskon ruwa kusa, wani lokaci ta jingina ɗan allo mai matakala ko za ta gwada. Sau da yawa akan wayi gari a ga ɗaya daga cikin na sama ta sauko ta kwanta a gefenta. Ƙarfe takwas da kwata ƙofa ta ɗaga, biyu su fito cikin raɓa suna miƙa, biyun na ƙasa kuwa sai hantsi ya kai bakin akurki.